Kiwon Kajin Ƙwai a Bayan Gida a Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda yake zaune a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo ko Tafo ya san ƙwai ba ya kwantai a Kumasi. Mai shayi yana nema, mai sayar da waakye tana nema, haka ma masu tallan dafaffen ƙwai da yaji a bakin tasha. Wannan ne ya sa mutane da yawa, musamman matan aure da dattawan da suka ajiye aiki, suke sha'awar ajiye 'yan kaji a bayan ɗaki domin su huta da sayen ƙwai, idan ya yi rara kuma su sayar. Amsoshin da ke ƙasa an yi su ne domin wanda zai ajiye kaji daga 5 zuwa 50, ba domin mai babban gidan gona ba.

Da kaji nawa ya kamata in fara?

Da adadin da aljihunka zai iya ciyarwa kullum ba tare da fashi ba, domin kuɗin sayen kaza sau ɗaya ake biyansa, amma abincinta kowace safiya sai an zuba. A kiwon kajin ƙwai, abinci shi kaɗai yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, saboda haka lissafinsa ya kamata a fara yi tun kafin a kira kafinta.

Lissafin ba shi da wuya. Kazar gidan gona da take ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 10 ke nan za su ci fiye da kilo 1 kaɗan kowace rana, kuma buhu mai kilo 50 zai kai su kimanin makonni 6. Idan suna cikin ƙarfinsu, suna ba da ƙwai 8 a rana, to a cikin waɗannan makonnin za a tara ƙwai kimanin 340, wato kiret 11 da 'yan kai, tunda kowane kiret 30 yake ɗauka. Sai mutum ya je wurin mai sayar da abincin kaji ya tambayi kuɗin buhu a yau, ya tambayi kuɗin kiret a unguwarsu, ya ajiye su gefe da gefe. Ban sa farashi a nan ba da gangan, domin kuɗin masara da darajar sidi suna sauya shi kafin wata ya zagayo. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin buhun ba riba ba ne tukuna, domin a cikinsa za a fitar da kuɗin magani da shimfiɗa da kuɗin da aka sayi kajin da shi.

A ganina, wanda bai taɓa kiwo ba ya fara da 10 zuwa 15. Suna isar gida mai mutane da yawa, ana samun na sayarwa, kuma idan cuta ta faɗa musu asarar ba za ta karya mutum ba.

Kajin gida zan saya ko na gidan gona?

Ya danganta da abin da ake nema. Kazar gida tana da juriya, tana kiwon kanta, tana kwanci ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, kuma namanta ya fi daraja a kasuwa. Sai dai ƙwanta kaɗan ne: takan saka 10 zuwa 15 ta tsaya ta yi kwanci na kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki, ta yadda a shekara da wuya ta wuce ƙwai 40 zuwa 60. Jajayen kajin gidan gona irin su ISA Brown da Lohmann Brown da Bovans Brown, waɗanda su ne suka cika gonakin Dormaa Ahenkro inda ƙwai mai yawa yake fitowa zuwa kasuwanninmu, suna iya kaiwa 280 zuwa 300 a shekararsu ta farko. Amma wannan adadin yana da sharaɗi, wato cikakken abinci da rigakafi da ɗaki mai tsabta, kuma idan aka sake su suna tone-tone a lungu kamar kajin gida, ba za a samu rabinsa ba.

Akwai na tsaka-tsaki irin su Sasso da Kuroiler, waɗanda ake kiwo domin nama da ƙwai gaba ɗaya. Sun fi na gidan gona jure wahala, sun fi na gida ƙwai, amma suna da girman jiki da ci. Wanda ƙwai ne kawai burinsa, jajayen sun fi masa.

In sayi 'yan tsaki ne, ko kajin da suka kusa fara ƙwai?

Ɗan tsako mai kwana ɗaya yana da araha a ido, amma kafin ya fara biyan kuɗin abincinsa sai ya yi makonni 18 zuwa 20 yana ci ba ya bayarwa. A makon farko yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 duk mako har gashinsa ya cika, kuma a garin da wuta take ɗaukewa ba sanarwa dole a tanadi kurfoti da gawayi, a kuma tashi cikin dare a duba. 'Yan tsakin su ne ma'aunin zafi mafi gaskiya: idan suka cunkushe a jikin wuta sanyi suke ji, idan suka gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, idan suka watsu suna ci suna sha to an daidaita. Yawancin rigakafin ma a waɗannan watannin na farko ake yinsu.

Saboda haka mai farawa ya fi dacewa ya sayi budurwar kaza mai makonni 16 zuwa 18 daga gonar da aka sani, ko da kuɗinta ya ninka na ɗan tsako sau da yawa, domin wani ya riga ya ɗauke masa hatsarin. A nemi ganin takardar rigakafin da aka yi musu. A kuma yi hattara da kajin da ake tallansu a keji a bakin kasuwa, domin da yawansu tsofaffi ne da gonaki suka sallama bayan ƙwansu ya ja baya. Budurwar kaza gashinta sumul yake, ƙafafunta da bakinta rawaya ne, zankonta ƙarami ne yana fara ja. Tsohuwa kuwa ƙafarta ta koɗe, gashin wuyanta da na wutsiyarta sun kakkarye.

Sai da zakara kaza take yin ƙwai?

A'a. Kaza tana saka ƙwanta ko babu zakara, amfaninsa kawai shi ne ƙwan ya iya ƙyanƙyashewa. Mai son 'yan tsaki daga kajin gida, zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Mai neman ƙwan ci kuwa ya huta da ciyar da shi, maƙwabta kuma su huta da cararsa.

Ina zaune a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Zan iya kiwo?

Za ka iya, amma sai da yardar mai gida da sanin sauran 'yan haya, kuma a nemi yardar tun kafin kajin su iso, ba bayan an kafa akurki ba. A gidajenmu na zongo, inda iyali da yawa suke girki da wanki da shanya a fili ɗaya, abin da yake jawo rigima ba kukan kaji ba ne, wari ne da ƙuda da kashin da yaro zai taka. Majalisun ƙananan hukumomi, har da ta Kumasi da ta Asokore Mampong, suna da dokokin da suka hana sakin dabbobi suna yawo da kuma tara ƙazantar da take damun jama'a, kuma jami'an duba-gari, waɗanda aka fi sani da samansaman, suna iya kai mutum gaba a kan haka. Mafita ita ce a tsare kajin a ɗakinsu, nesa da madafa da rijiya da tagar wani, a riƙa kwashe kashin a kan kari. Ɗan ƙwan da za a aika wa maƙwabta lokaci-lokaci ma yana da nasa aikin.

Yaya ɗakin kajin ya kamata ya kasance?

A ƙasarmu zafi da laima ne abokan gabar kaza, ba sanyi ba, don haka ɗakin da ya fi kyau shi ne wanda iska take ratsawa. A gina gajeren bango na bulo jeri biyu ko uku, sauran har zuwa rufi a sa ragar waya mai ƙananan idanu wadda ɓera da maciji da tsuntsaye ba za su iya shiga ba. Rufin ya zarce bango sosai domin feshin ruwan sama, wanda a Kumasi yake zuwa sau biyu a shekara, kada ya jiƙa ciki. Idan fili ya ba da dama, tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma domin rana ta bi ta saman rufi maimakon ta shiga ta gefe. Ƙasa a dafe ta da siminti, a kuma ɗaga ta sama da tsakar gida saboda ambaliya, abin da mazauna kusa da rafin Aboabo ba sa buƙatar a tuna musu.

Kada a zuba fiye da kaji 4 ko 5 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 2 a tsawo da mita 2 a faɗi ya wadaci kaji 15 har da wurin abinci da ruwa. A shimfiɗa ɓawon katako mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Wannan abu ne da Kumasi take da shi a wadace, a wurin kafintocin unguwa da kuma masu aikin katako na Sokoban, amma a zaɓi mai faɗi wanda ake samu daga fere katako, ba garin zarto mai laushi ba, domin garin yana tashi ya shiga hanci, 'yan tsaki kuma suna cinsa. Buntun shinkafa ma yana yi. A riƙa juya shimfiɗar, a kwashe inda ruwa ya zuba, kuma duk ranar da mutum ya shiga ya ji wari yana yi masa yaji a ido, to kajin da hancinsu yake kusa da ƙasa sun daɗe suna shan wahala.

Akwatin ƙwai ɗaya mai faɗin santimita 30 ya ishi kaji 4 zuwa 5, a ajiye shi a gefen da ya fi duhu. A gitta sanda domin su hau su kwana, a kuma sa wa ƙofar kwaɗo mai kyau, musamman idan salla ko Kirsimeti ta gabato.

Me zan ba su su ci? Ragowar tuwo da dusa ba za su isa ba?

Ba za su isa ba, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke karaya. Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 tana haɗa ƙwai ɗaya mai nauyin kimanin giram 60, kuma duk abin da yake cikinsa daga bakinta ya shiga. Tana buƙatar abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashi da ɓawon ƙwai, kimanin giram 4 a rana, domin ɓawon kowane ƙwai yana ɗauke da kusan giram 2. Tuwo da shinkafa da dusa suna cika ciki, amma furotin ɗinsu kaɗan ne, kalsiyam kuwa kusan babu. Kazar da aka riƙe da su za ta rage ƙwai, wanda ta saka kuma ya zo da ɓawo mai laushi, daga nan jikinta ya fara zarar kalsiyam daga ƙashinta har ta kasa tsayawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen haɗaɗɗen abincin kaji masu ƙwai na buhu. A lura cewa iri-iri ne: akwai na 'yan tsaki har zuwa makonni 8, akwai na masu tasowa, akwai na masu ƙwai, kuma ba a ba ƙananan kaji na masu ƙwai domin yawan kalsiyam ɗinsa yana lalata musu ƙoda. Masu kaji da yawa sukan haɗa nasu, su sayi masarar Techiman ko Ejura, da dusar alkama daga masana'antun fulawa na Tema da Takoradi, da tunkuzar waken soya, da garin kifi, da niƙaƙƙen ɓawon katantanwar ruwa, ko kuma su sayi haɗin da ake kira konsantiret su gauraya da masara da dusa bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin buhun. Ga mai kaji 10 wannan wahalar ba ta biya, sai dai idan mutum biyu ko uku za su haɗa kuɗi.

Ko wanne aka zaɓa, a kiyayi fumfuna. Masarar da ba ta bushe sosai ba, ko buhun da aka jingine a ƙasa mai danshi a cikin damina, yana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda take lalata hanta ta kuma rage ƙwai, kuma dafawa ko shanyawa ba ta kashe ta. A ɗora buhu a kan katako, kada a sayi abin da zai wuce wata guda ko makonni 6 ba a cinye ba. Ragowar abincin gida da ganyen zogale ko alayyafo ana iya ba su da yamma a matsayin ƙari, ganyen ma yana sa gwaiduwa ta yi launi mai kyau, amma ban da abin da ya yi tsami ko gishiri ya yi masa yawa.

Ruwa fa, da lokacin zafi?

Kaza tana shan kimanin ninki biyu na nauyin abin da ta ci, wato kusan rubu'in lita a rana, kuma a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da rufin kwano yake ɗaukar zafi, tana iya ninka haka. Yinin da ta yi babu ruwa yana iya tsayar mata da ƙwai na kwanaki. A wanke mazubin kowace safiya, a ajiye shi a inuwa, a ɗaga shi daidai bayan kazar domin kada ta zuba shimfiɗa a ciki. Idan aka ga suna buɗe baki suna saki fukafukai, a sauya musu ruwa mai sanyi da tsakar rana, a shimfiɗa ganyen kwakwar manja a kan rufi, a kuma mayar da ba da abinci zuwa sassafe da yamma.

Gaskiya ne sai an kunna musu fitila?

Tsawon yini ne yake motsa jikin kaza ta yi ƙwai. A Kumasi rana tana yin kimanin awa 12 kusan duk shekara, kajin gidan gona kuwa sun fi bayarwa idan suka samu awa 16. Ƙaramin ƙwan lantarki ko fitila mai aiki da hasken rana, a kunna daga magariba zuwa ƙarfe 10 na dare, ya wadatar. Sharuɗɗa biyu ne: kada a fara kafin su kai makonni 17 ko 18, domin kazar da aka gaggauta tun jikinta bai ƙosa ba tana iya samun fitar baya, kuma idan an fara kada a riƙa yi yau a bari gobe.

Waɗanne cututtuka ne suka fi kashe kaji a nan?

Babbar ita ce Niyukasul, wadda take share kajin unguwa gaba ɗaya, mafi yawa a lokacin hunturu. Kaza tana yin sukuku, tana kashi kore, tana numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai. Akwai wanda ake kira I-2, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 zuwa 4, yana jure zafi fiye da sauran, kuma ana samunsa ta hannun ma'aikatan Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona. Sai Gumboro, wadda take kama 'yan tsaki masu makonni 3 zuwa 6, da cutar ƙurajen da suke fitowa a zanko da fuska, wadda sauro yake yaɗawa, dukansu kuma suna da rigakafi. Kashin jini kuwa daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake tasowa, kuma yana jin magani idan an yi saurin ganewa. A riƙa ba da maganin tsutsar ciki, a kuma duba ƙarƙashin fiffike da dare saboda ƙwarƙwata da ƙuma. Kasko mai yashi da toka da za su yi birgima a ciki yana taimakawa.

Kwalbar rigakafi takan zo da adadin kaji ɗaruruwa ko dubu, kuma idan an buɗe ta ba ta kwana, saboda haka masu kaji kaɗan a layi ɗaya su haɗu su yi rana guda. Idan na sha ne, a hana kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu, a dama shi da ruwan da ba shi da sinadarin kulorin, wato ban da ruwan famfo, su shanye cikin awa biyu.

Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Ghana a 2007 a yankin Tema, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Idan kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, fuska ta kumbura, kada a yanka na raye a ci ko a kai kasuwa, kada yara su taɓa gawar, a sanar da likitan dabbobi nan take, domin cuta ce da take iya kama mutum. Rabin kariya kuwa a bakin ƙofa take: takalmi na musamman domin shiga ɗakin, hana baƙi leƙawa, da ware duk sabuwar kaza na makonni 2 kafin a haɗa ta da sauran. Wanda ya dawo daga layin masu kaji a kasuwa ya wanke hannu ya sauya takalmi tukuna.

Al'adar fasa kafson mutane a ruwan kaji duk lokacin da ɗaya ta yi sanyi al'ada ce da ya kamata a bari. Maganin yana fita a cikin ƙwai, kuma kowane maganin kaji na gaskiya yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwan ko a sayar.

Kajina sun rage ƙwai, wasu ma suna fasa shi suna sha. Me ya jawo?

A fara duba abin da ya sauya a makon: sabon abinci, ƙarancin ruwa, zafi, ɗaukewar fitila, ko ɓera da muzuru da suke firgita su da dare. Idan gashi yana zuba, to lokacin sauya gashi ne, kuma za su dawo bayan makonni. Domin gane wadda ta daina, a taɓa ƙasusuwa biyu da suke gefen duburarta: mai ƙwai yatsu biyu ko uku suna shiga tsakaninsu, zankonta kuma ja ne mai laushi, wadda ta tsaya kuwa yatsa ɗaya ne da ƙyar. Shan ƙwai yakan fara ne daga wanda ya fashe bisa kuskure, don haka a ƙara kalsiyam, a ƙara shimfiɗa a akwati, a riƙa kwashewa sau biyu ko uku a yini. Wadda ta riga ta saba da wuya ta bari, kuma tana koya wa sauran, gara a fitar da ita.

Yaya zan ajiye ƙwan, kuma wa zan sayar wa?

Kada a wanke shi, domin ɓawon yana da wani rufi na halitta wanda ruwa yake cirewa. Mai datti a goge shi da busasshen tsumma a fara cinye shi. A jera a kiret, tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyi nesa da kananzir da albasa, kuma a irin zafinmu gara a rabu da shi cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Wanda ake shakka a sa shi a ruwa: sabo yana kwantawa a ƙasa, tsoho yana tasowa.

Mai kaji kaɗan ba zai iya gasar farashi da motocin Dormaa ba, amma yana da abin da ba su da shi, wato ƙwan yau. Mai shayin layi da mai kanti da maƙwabta sun isa su kwashe. A ajiye littafi ana rubuta ƙwan kowace rana da kowane buhu da aka saya, a kuma ware kuɗin buhu na gaba kafin a taɓa ciniki, bashi kuma a yi shi da iyaka.

Har yaushe zan riƙe su?

Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Jajayen kaji suna kai ƙololuwarsu wajen makonni 26 zuwa 30, daga nan ƙwan yana raguwa a hankali, kuma gonaki sukan sallame su a makonni 72 zuwa 80. Mai kiwon gida yana iya wuce haka, amma littafinsa ne zai gaya masa ranar da kuɗin ƙwai ya daina biyan kuɗin buhu. Tsofaffin kajin suna da kasuwa mai kyau, domin namansu mai tauri ne wanda ba ya narkewa a miya, kuma idan aka daidaita fitar da su da ƙaramar salla ko Kirsimeti ko Ista, kuɗinsu yana rage nauyin sayen sababbi. Bayan sun tafi, a kwashe shimfiɗar gaba ɗaya a sayar wa masu lambu ko a tara ta ta ruɓe kafin a zuba wa shuka, a wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi babu kowa na makonni 2 kafin a kawo wasu.